Kantar Sarkin Awo

"Ni ba na buƙatar ma'aunin magina," in ji mijin ƙanwata, yana dukan ƙirji. "Ma'aunina yana cikin kunnena. Akwai wani ruwa da Allah Ya zuba wa ɗan Adam a can ciki, shi ke gaya masa ina ne sama, ina ne ƙasa. Na kowa cokali guda ne, nawa kuwa randa ce."

Maganar ruwan kunne gaskiya ce, a rediyo ya ji. Randar ce ƙari. Mu dai a gida Sarkin Awo muke ce masa.

To, ƙanwata tana da wasu farantan tangaran da mahaifiyarmu ta ba ta, waɗanda ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kansu. Ta ce a kira kafinta ya kafa musu kanta a kicin. Sarkin Awo ya ce sai dai bayan ransa. Matsalar ita ce, ranar ya tashi wuyansa a ƙage, kai ya langaɓe kan kafaɗar hagu, kamar zakaran da ke leƙen shaho.

"Baban yara, ka bari wuyan ya saki mana."

"Wuya daban, kunne daban. Miƙo ƙusa."

Ya hau kujera, ya kanne ido ɗaya, ya yi ta bugu har maƙwabta suka leƙo. Da ya gama, kantar ta fito gefe guda yana gaida rufi, ɗayan yana neman hanyar ƙasa.

"Yaya, dubi aiki," ya ce da ni. "Kamar an ja da zare."

Na ɗora lemo a kai. Lemo ya kama hanya, ya gangara, ya faɗa bokiti.

"Lemon ne ba shi da tarbiyya."

Ƙanwata ta ɗora kofin gilashi da ruwa. Ruwan ya taru a gefe ɗaya.

"Ka gani ko?"

"Na gani. Ruwan famfon nan dama ban yarda da shi ba."

"Ruwa ne ya karkace, Baban yara?"

"To ni ne zan karkace? Kawo farantan, su suna da nauyi, sun san darajar kansu."

Ta rungume su a ƙirji. Ya ce ashe ba ta yarda da mijinta ba, a gaban yayarta ma. Ta dube ni, na dubi rufi. Haka ta miƙa masa tana salati a hankali.

Ya jera su a can gefen sama, ya saki hannu, ya riƙe ƙugu. Farantai suka fara tafiya sannu-sannu. Kun san shi Sarkin Awo ya riga ya yanke cewa kantarsa daidai take, kuma abin da ke kan daidai ba ya motsi. Da idonsa ya ga farantai suna yin hagu, sai jikinsa ya gaya masa ai shi ne ke yin dama.

"Ku riƙe kujerar! Tafiya take da ni!"

Kujera kuwa ko gezau. Ƙanwata ta yi kan farantanta, shi kuma ya kai hannu biyu ya cafki kantar don ya tsira. Ƙusoshi suka ce ba da su ba. Kanta, tangaran da Sarki suka sauko tare, ƙara ɗaya.

Faranti guda ne ya rayu, wanda ta cafe a iska. Ta tsaya a kan mijinta tana huci, shi yana shimfiɗe ɗoɗar a siminti, yana ƙifta ido.

"Ƙasar ce ta taso ta same ni," ya ce da ƙyar.

"Kar ka motsa, Baban yara," in ji ta. "Yaya, zo ki shaida. Tun da ya fara aiki a gidan nan, yau ne ya ajiye abu ya kwanta daidai."