Buhu Biyu da Rabi

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don wanda ya karanta a Malbaza zai gane ni. To, ya gane. Ranar da na yi wa makanike ƙarya dai ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Aikina kai maganin rigakafin shanu ruga-ruga, a kan moton daji, wato babur, na ƙungiyarmu ta makiyaya, irin mai dogayen ƙafafun nan. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki. Sau biyu shokazoban baya yana zubar da mai, har shugabanmu, Alhaji Sama'ila, ya ce in aka yi na uku zai ba Idi moton. (Idi abokin aikina ne, siriri kamar karan dawa.)

Na kai wa Malam Hamza makanike. Shi ba ya tambayar kilo, da siminti yake awo. Yakan ɗaure buhuna daidai nauyin mutum a kan kujera, ya duba yadda moton ya zauna, sannan ya zaɓi sifirin da zai ɗauka. Garejin cike da 'yan kabu-kabu ya ce, "Yaya, buhu nawa ne kai?"

Ni da nake ƙirga kwalaben magani sau uku kafin in fita, na ce ɗaya da rabi. Ya dube ni, ya dubi cikina, ya ɗaura ɗaya da rabi.

A gida hankalina ya ƙi kwanciya. Na matse zoben sifirin har ƙarshe, washegari na sa wani ya zuba mai mai kauri, wai in rufe ƙaryata.

Ranar rigakafi a bayan Dogarawa, makiyaya sun taru a bakin ƙorama suna jirana. Na gangara da kwarjini. A ramin farko moton ya durƙusa har ƙasa, bai gama tashi ba muka faɗa rami na biyu, sai ga ni kwance a gaban wani bijimi, akwatin maganin rungume a ƙirjina. (Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba, a rubuta wannan.)

Ardonsu ya leƙo ya ce, "Likita, kai da moton nan wa ke ɗauke da wani?"

Malam Hamza bai yi faɗa ba. Sikelin masu albasa ya kai ni, ranar kasuwa: buhu biyu da rabi. Ya ce sifirin ke ɗaukar nauyi, mai da bawul saurin lotsawa da dawowa kawai suke tsarawa, kuma ƙarfe ba ya jin kunyar kowa.

Alhaji ya ba ni wata ɗaya in gyara moton, ko Idi ya karɓa. Ba zan bar wa Idi moton ba, rugagen nan ni na san hanyarsu. Don haka wanda ya san inda ake samun sifirin mai ɗaukar buhu biyu da rabi, da gwanin da zai buɗe shokazoba ya daidaita bawul, a Konni ko tsallaken iyaka, ya taimaka ya faɗa mini. Mai shawarar in rage tuwo kuma ya riƙe abinsa.