Ni da Ragon Ɗakin Sanyi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe mini ƙofar ɗakin sanyin nama a unguwar Xiaobei da ke kudancin China, amma bari in gyara labarin tun da wuri, don duk wanda ya ba ku shi a karkace ya ba ku. Wasu sun ce aljanu ne suka taɓa ni. Wasu sun ce wani saurayi nake so a cikin 'yan ƙanƙara. Duk ƙarya ce. Kishi ne zalla, kuma kishin ƙawa.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina gama sakandare Yaya Sani ya ɗauko ni daga Kano in riƙa tsare masa ofis a benen Tianxiu, shi kuma yana yawon saro takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Matanmu ba su da yawa a lokacin, Hadiza 'yar Maraɗi ita ce tawa. Tare muke cin abinci, tare muke gulmar 'yan bene, ita ke yi mini kitso tana zagin taurin gashina.

Da sabuwar shekarar 'yan China ta zo aka kulle kasuwanni, sai kawunta Alhaji Mamman ya haɗa tafiya can arewa, wajen Harbin, wai a je a ga dusar ƙanƙara. Hadiza ta ce in zo. Na ce, "Ni? In bar gadona in tafi neman sanyi? Ban haukace ba."

Suka dawo kamar an canza su, har aka sa musu suna 'yan ƙanƙara. Ba su da zance sai na wani babur marar taya da ke gudu a kan ƙanƙara. Wai bibbiyu ake hawa, kowa da abokin hawansa, kuma idan mutum ɗaya ya faɗi, kowa sai ya tsaya, ba a barin kowa a baya. Abokiyar hawan Hadiza wata Ramatu ce 'yar Kumasi, mai sarin jakunkuna. Ita ta riƙe mata ƙugu, tare suka afka rami, tare aka zaro su suna dariya (na ji labarin ramin nan har na haddace shi). In na sa baki sai Hadiza ta ce, "Ke ba za ki gane ba, sai kin je."

Abin da ya ƙarasa ni, ran nan Ramatu ta ce, tana cin gyaɗata kuwa, "Baɗi ma ni da Hadiza ne. Ke ai ko fanka ba kya jurewa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi. Na ƙudura sai na koyi sanyi kafin baɗi. To a ina, a garin da ko ƙanƙarar firji ba ta daɗewa? Sai na tuna gidan abincin Musulman China da muke zuwa, yana da ɗakin ajiye nama a baya. Na je na nuna wa lawban ƙofar, wato mai gidan. Ya ce, "Meyo, meyo," babu kenan. Na ja yatsa a wuyana, sai ya gyaɗa kai ya buɗe. Ya ɗauka yanka na zo dubawa, kamar yadda mutanenmu suka saba.

Na riƙa zuwa da rana, sanye da suwaita biyu na Yaya, safa a hannu. Da farko tsayuwa kawai nake yi ina karkarwa. Amma ni ba ni da haƙuri, tsayuwa ta gundure ni. Wata rana na jawo kwali na hau kamar sirdi. Ga wani rago a rataye a gabana, ƙafafunsa na gaba sun sauko daidai hannuna. Na kama su. Wallahi kamar an auna.

Abin da ban sani ba, ranar 'yan ƙanƙara suka haɗa cin abincin rana a wurin, kuma Alhaji Mamman ba ya cin nama sai ya ga wuyan dabbar da idonsa. Ni kuwa na yi nisa. Ina murɗa ƙafar rago, ina kwantawa dama da hagu, ina "Vuuum! Vuuum!" da baki, ina ihu: "Riƙe ni da kyau, Hadiza! Ramatu ta faɗi, mu bar ta a nan!"

Haske ne ya faɗo mini a fuska. Na waiga. Ga lawban riƙe da ƙofa, ga Alhaji, ga su duka a bayansa suna leƙe, Ramatu a gaba-gaba. Majina ta daskare mini a leɓe, kuma ban saki ragon ba (har yau ban san dalili ba).

Alhaji ya ce, "Subhanallahi. 'Yar nan, me ya yi miki?"

Hadiza ta zube a ƙasa, dariya har da hawaye. "Shashasha! Ba da bakinki kika ce ba ki zuwa ba?"

Na ce, haƙorana suna kaɗawa, "Ai ba ki sake tambaya ba."

Da Ramatu ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta cire mayafinta ta lulluɓa mini, ta ɓamɓare yatsuna daga ƙafar ragon ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Taho ki sha shayi, direba. Mu ba mu barin mutum." Ban taɓa jin haushin kirki irin na ranar ba.

Na dai koyi cewa idan ana kishi, a yi shi da baki a rufe, kuma a inda ƙofa ke kulluwa ta ciki. Washegari na je shagon Ramatu da kaina na ce baɗi zan je, kuma a bayanta zan hau, ita zan riƙe. Ta yi murna, baiwar Allah, har da rungume ni. Hadiza kuwa, baɗi sai ta je ta riƙe ƙugun kawunta.