Ranar da Na Shafa wa Waya Maɗaci

Ni ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, wucewa zan yi ban san ni ake nufi ba. Amma 'ya'ya tara na yaye da hannuna, jikoki goma sha huɗu, kuma babu wanda ya fita daga ɗakina yana waiwayen nono. Duk unguwarmu a Ƙafur an san haka. Shi ya sa da autana Nafi'u, mai aikin ofis a Kaduna, ya bugo ya ce za su kawo mini ɗansu yaye, ban ce komai ba sai "ku kawo." Na surfa gero, na soya gyaɗar kunu, na aika wa liman ya yi rubutun yaye. Kwana bakwai nake yi wa yaro, ba ragi ba ƙari.

Yaron sunan marigayi mijina ya ci, don haka bakina ba ya kama sunan. Iyayensa Anwar suke ce masa, ni kuwa Maigida. Saura wata biyu ya cika shekara biyu.

Ranar Asabar da hantsi suka iso. Matar Nafi'u, Suwaiba, yarinya ce mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta shigo da jakar kayan yaro. Shi kuwa yaron aka dire shi a kan tabarma rungume da wata waya mai faɗin murfin tukunya, an sa mata rigar roba har da kunnuwa. Bai dubi kowa ba. Yatsa ɗaya gare shi mai aiki: ya ja shi a fuskar wayar, ya mayar baki ya tsotsa, ya sake ja.

Suwaiba ta ce, "Inna, wannan ta karatunsa ce. Ga inda ake dannawa. Kullum da la'asar kuma za mu kira ta nan mu ga fuskarsa."

Na ce, "Karatun wa?"

Nafi'u ya gyara zama. "Inna, yaran yanzu ba irin namu ba ne. Masana sun ce ƙwaƙwalwar yaro tun kafin shekara uku take ginuwa. Bari ki gani. Anwar! Wan..."

Yaro bai ɗago ba ya ce, "Tu, tiri, fo."

Nafi'u ya dube ni yana washe baki kamar wanda ya gina wa gari masallaci.

Na sunkuya na ce, "Maigida, ina kwana?" Shiru. Na tafa hannu. Shiru. Na ce wa uban, "Ba ya gaisuwa?"

"Bai kai nan ba tukuna."

"In ya ji ƙishirwa yakan ce ruwa?"

"Ai mukan gane."

"Yakan kira uwarsa?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Na ce, "To, wannan wan tu tirin, me yake ƙirgawa da shi?"

Nafi'u ya yi dariya ya ce ba zan gane ba. Na ce Allah ya sa.

A wurin yaye, fitar uwa ita ce wahalar. Nan ne yaro ke tsala ihu yana birgima. Na ce wa Suwaiba ta sulale ta zaure ni zan tare shi. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, tana sanɗa tana share hawaye. Da ta kai ƙofa ta waiwayo. Ba wanda ya biyo ta. Ta yi tari. Ba wanda ya ɗago. Ƙarshe ta buɗe baki ta ce, "Anwar, bai-bai!" Yaro ya ɗaga hannu ya yi wa wayar bai-bai.

Ranar nan ko ɗigon hawaye ban gani a idon yaron ba. Na ba shi rubutu ya shanye bai san ya sha ba. Na dama kunu, in wayar na gabansa baki a buɗe kamar na ɗan tsako. Na ce bari in gwada wani abu. Na ɗebo iska da cokali na kai masa. Ya karɓa ya haɗiye. Cokali biyar na ba shi babu komai a ciki, har da lashe baki.

Da rana ta yi sanyi na ɗauke shi na kai shi wurin akuyata da 'ya'yanta biyu. A wayar nan ya san dabbobin duniya kaf, har da wani tsuntsun ƙanƙara mai tafiya kamar alhaji ya ci ya ƙoshi. Ya tsaya ya ƙare wa akuya kallo, sai ya sa yatsa a cikinta ya ja. Akuya tana nan. Ya sake ja da ƙarfi. Akuya ta ci gaba da tuƙa. Ya fusata ya kai mata mari. Da na tsawata masa, sai ya juyo ya sa yatsan nan a goshina ya ja, wai ni ma in wuce a kawo wata.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, don ba na cin haƙƙin kowa, ko da waya ce: ta koya masa wanke hannu. Yana ganin buta zai miƙo tafuka yana wata 'yar waƙa. Wannan kam na yaba. Amma ni ma nakan koyar da wanke hannu, kuma ba a kai ni caji.

Lahadi da azahar cajin ya ƙare. Kwana uku ba mu ga wutar lantarki ba a lokacin. Fuskar wayar na yin baƙi, kukan da nake jira tun jiya ya iso gaba ɗaya. Ya yi birgima daga bakin rijiya har murhu. Ya rungume ta yana jijjigawa. Maƙwabciyata Lantana ta leƙo ta katanga.

"Tasalla, yaron ya fara neman uwa ke nan?"

Na ce, "Ya fara. Ga ta nan a hannunsa, ta suma."

A nan na gane ashe ba su san abin da suka kawo mini ba. Nonon da suke so in raba shi da shi tuni ya manta da zancensa. Ga wanda yake sha nan mai rigar roba.

To ni yaye na iya, kuma yaye yana da ƙa'ida. Ba a yaye yaro da nonon da ya ƙafe, don gobe in ya kawo ruwa zai koma. Sai yana cike yaro ya ƙi shi da kansa. Na goya Maigida yana ta shure-shure, na tafi bakin kasuwa wurin mai caji da ƙafata, na zauna har aka cika ta taf. Na dawo na jiƙa ɓawon maɗaci ya jiƙu sosai, irin wanda nake ba uwa ta shafa in ɗa ya ƙi saki. Na tsoma tsumma na matse, na shafe fuskar wayar da rigarta da kunnuwanta, na bari ta bushe. Sannan na danna inda Suwaiba ta nuna mini, na miƙa masa.

Ya karɓe da rawar jiki. Ya ja yatsa. Ya kai baki.

Ban taɓa ganin fuska ta tattare wuri ɗaya irin haka ba. Ya dubi yatsa, ya dubi waya, ya dube ni. Na kau da kai ina tsintar shinkafa. Ya sake gwadawa. A na uku ya yi jifa da ita, ya zo ya kifa kai a cinyata yana kukan wanda aka ci amanarsa. Na ɗauke ta na saka a tukunyar daddawa na rufe da faifai.

Kada in yi muku ƙarya, mun sha wuya. Litinin da Talata bayana bai huta ba. In na sauke shi, sai in ba shi murfin kwano da ludayi ya yi ta bugu, ko in zuba masa dusa a hannu ya watsa wa kaji. Duk abin da na taɓa sai na faɗa masa sunansa, kamar mahaukaciya: ga tsintsiya, ga turmi, ga akuya, ga Kaka. Kullum da la'asar tukunyar daddawa takan kama waƙa, in ƙyale ta ta gaji ta yi shiru. Nafi'u ya kira ni a ƙaramar wayata.

"Inna, muna ta kira ba a ɗauka. Muna son ganin fuskarsa."

Na ce, "Fuskarsa tana nan inda kuka bar ta. Ana yaye." Na kashe.

Laraba da safe ina tankaɗe, na ji an ja mini zani. Na duba ƙasa. Ya dube ni cikin ido, ya ce, "Kaka, ruwa." Na ba shi a moɗa. Sai da na shiga ɗaki na share idona, don ba na son yaro ya ga lagona.

Alhamis da hantsi, saura kwana ɗaya in cika aikina, sai ga mota a ƙofar gida. Nafi'u ya bar ofis ya taho, Suwaiba na biye da shi ido ya kumbura. Maigida yana bayan ɗaki wurin awaki, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa. Ko gaisuwa ba mu gama ba Nafi'u ya ce, "Inna, ina wayar?"

"Tana tukunya."

"Wace tukunya?"

"Ta daddawa. Na shafa mata maɗaci."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi! Inna, kin san abin da kika yi? Kwana huɗu yaro bai yi karatu ba! Duk abin da ya koya zai zube. Gaskiya yau za mu tafi da shi."

Na ce, "Ba a taɓa ɗaukar mini yaro ranar shida ba, kuma ba a kanka za a fara ba. Amma ga shawara. Zan ajiye ta a tabarma. In ya ɗauka, ku kwashi ɗanku da wayarku yanzu, ni kuma na bar yaye har abada. In ya ƙi, ta koma tukunya."

Ya ce ya yarda. Na fito da ita. Suwaiba ta toshe hanci da mayafi. Nafi'u ya jona ta da wani ƙaramin batir da yake yawo da shi a aljihu, ya danna, waƙar wan tu tiri ta cika gidan. Shi kuma ya zaro tasa wayar, wai bari ya nemo mini abin da masana suka ce ya karanta mini.

Sai ga Maigida ya zagayo da gudu, ya ji muryar da ya sani. Na zuba masa ido. Sama da shekara arba'in ina wannan aiki, ga shi duk ya rataya a yatsa ɗaya. Ya zo ya tsaya a kanta. Ya miƙa yatsan. Ya tsaya. Ya dubi yatsan. Sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ɗaci."

Ya tsallake ta, ya nufi Suwaiba, ya kama mayafinta yana ja. "Umma. Umma, akuya!"

Yarinyar nan ta zube a ƙasa ta rungume shi da ƙasar jikinsa da komai, tana kuka tana dariya. "Inna, kin ji? Ya kira ni! Wallahi ya kira ni!"

Na ce, "Na ji. Tambayi ubansa ko ya ji."

Uban yana tsaye, kai a sunkuye, yatsa na ta ja. Yaro ya saki uwa ya je ya kama masa ƙafar wando.

"Abba, akuya."

"Uhm."

"Abba, akuya!"

"Ina zuwa. Yauwa, Inna, ga shi na samo. Masana sun ce yaron da..."

"Abba!"

"Na ce ina zuwa mana!"

Na miƙe na fizge wayar daga hannunsa, na nufi tukunya. Sai ga ƙato da gemunsa yana bi na a baya har bakin murhu, hannu a miƙe.

"Inna, don Allah. Inna, minti ɗaya. Bari in amsa saƙo ɗaya kawai. Kada ki sa ta a daddawa! Haba Inna, ni fa ba yaro ba ne, shekarata talatin da huɗu!"

Na jefa ta ciki na rufe da faifai, na juya wurin Suwaiba.

"Ke ɗauki naki ku tafi, na yafe kwana ɗayan, ya yayu. Wannan babban ki bar mini shi, ki miƙo mini ragowar maɗacin can."