Sarkin Shiru na Namhae

Duk tsibirin Namhae babu wanda ya san darajar shiru kamar Malam Pyo Deok-bae, mai koyar da ƙungiyar waƙarmu ta tsofaffin mata. Ya taɓa leƙa Italiya yana saurayi, kuma har yau bai gama dawowa ba. Mu muka naɗa shi Sarkin Shiru, a bayan idonsa.

"Jahili yana da kalma ɗaya, rage murya!" Haka yake faɗa, tagogi na girgiza. "Masana kuwa suna da diminuwendo, murya ta yi ƙasa. Suna da morendo, ta mutu a hankali. Suna da perdendosi, ta ɓace ba a san sa'ar tafiyarta ba!" Masu shanya kifi a bakin teku ma sun haddace darasin.

Aibinsa guda ne, ɗan ƙarami. In ya ɗaga sandar jagorantar waƙa sai ya lumshe ido ya bi waƙar da gurnani, bai sani ba. A nan kuwa ɗalibi ba ya gyara wa malami, balle malamin da ya girme mu duka.

Ga gasar gunduma ta matso, waɗanda suka ci za a kai su tsibirin Jeju a jirgin sama. Yaya Ok-bun ta haura saba'in ba ta taɓa hawa ba, har ta sayi sabon takalmi. Ita ta kawo dabarar toshe bakin Malam. Ranar gasa ta miƙa masa alewa da hannu biyu.

"Malam, a ɗan jiƙa maƙogwaro."

"Madugun mawaƙa ba ya waƙa, Ok-bun, me zai yi da maƙogwaro?" Ya jefa ta aljihu.

Wallahi ranar mun yi waƙa. Da muka zo baitin ƙarshe muka sauka a hankali, muka mutu, muka ɓace, yadda ya koya mana. Zauren ya yi tsit, sai gurnani guda da ya rage yana tafe abinsa kamar injin kwalekwale.

Mun zo na biyu. Alƙalin gasa ya ce bai taɓa jin morendo irin namu ba, sai dai akwai wani dattijo mai muryar ƙasa da ya ƙi mutuwa.

Malam Pyo ya juyo a fusace, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mu mata zalla.

"Wane ne? Ya fito!"

Yaya Ok-bun ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.