Cigiyar Kaka a Wurin Kaka

"...Ya hanya, Kaka? Ya ƙarfin jiki? Ya ƙafar?"

"Wace Kakar? Bawan Allah, ka san ni ne?"

Dogo mai aski na durƙushe gaban bencin tasha, hula a hannu, 'yan kamasho da masu talla sun yi cirko-cirko suna kallo. Aikensa aka yi ya taro kakarsa, wadda ta dawo daga wani gari inda aka yi mata aikin gwiwa. Ta sauko daga mota ta bi ta gabansa, har matsawa ya yi ya ba ta hanya. Da ta samu wuri ta zauna, ya zo ya rusuna ya ce, "Iya, don Allah ba ki ga wata tsohuwa mai ɗingishi ba?" Ita kuwa da ma mugunta ba ta yi mata kaɗan ba, ta tura baki ta nuna masa can bayan tasha. Sai da ya sha rana ya yi sharkaf da gumi sannan ta ƙwala masa kira. Kunya kam ba a magana, ji yake kamar ya nutse a wurin.

"Haba amarya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "gwada ki nake yi, in ga ko za ki bi wani."

"Gwaji? Miji ya yi cigiyar matarsa a wurin matarsa? Na fasa auren. Ga ɗan kamasho can, tun ɗazu yake yi mini fifita."

"Wancan mai kai kamar tulu? Ni nake masa aski. Sai na huta a hanya nake ƙarasa ƙeyarsa."

"Ku ji min ɗan banza! Ƙeyar ƙato ka haddace, ni da na goya ka har bayana ya ƙage ba ka san ni ba."

"Ai shi ya jawo, Kaka. A baya kika goya ni. Da ƙeya kika juyo mini da tuni muna gida."

"Idanu ƙwala-ƙwala, ba su da aiki sai ado. A cire su a ba mai buƙata."

"Ke ma da laifinki. Kin tafi da sanda kina jan ƙafa, kin dawo kina taku kamar sabuwar malamar makaranta. Ina kika kai ɗingishina?"

Masu kallo suka kwashe da dariya. Tsohuwar ba ta yi ba. Ta gyara mayafi, ta sunkuyo dab da kunnensa.

"Dogo, bar wasa. Lalacewar da na yi ta kai haka? Tunda na kwanta ciwo ban yarda na dubi madubi ba."

Nan Dogo ya fahimta. Ashe duk zagin nan tsoro ne a ƙarƙashinsa, kuma shi ya jefa mata shi. Rashin gane fuskar mutane kuwa, abu ne da yake ɓoyewa tun yana yaro. An kira shi mai girman kai, an kira shi marar gaisuwa, ya haɗiye, don gara masa wannan da a ce kansa ne ba daidai ba. Yau in ya yi shiru, da wannan tsoron za ta kwana.

"Kaka, ba ke ba ce, ni ne. Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki, kowanne tar. Amma ba sa haɗuwa su zama mutum. Da murya nake gane mutane, da tafiya, da kunne. Ke kuma kin ƙi magana, likita ya ɗauke tafiyar."

"Har uwarka?"

"Ita tarinta ke riga ta shigowa."

"Kai kanka fa, da kake wuni gaban madubi?"

"Wanda ke riƙe da almakashi, shi ne ni."

Ta yi masa kallon tsaf. Can sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Allah Ya ji ƙan kakanka. Ashe ba tsayin kaɗai ya bar maka ba. Wata rana na yi sabon mayafi, ga uwarka har ta yi wayo, mutumin nan ya tare ni a hanya wai, 'yan mata, ko akwai miji?"

"Kika ce me?"

"Na ce akwai, amma sakarai ne. Ya ce to in rabu da shi."

"Kai, Kaka!"

"Har ya koma ga Allah ban yafe masa wannan ba. Na ɗauka raini ne."

"To ki yafe masa yau. Mata cike da titi, bai san ki ba, kuma ke ɗin dai ya sake zaɓa."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, tana dukan kafaɗarsa tana share ido da bakin mayafi.

"Ka ci, ja'iri. Na mai da auren. Tashi haka, gwiwarka kar ta bi tawa. Ɗauki jakar, ni zan shiga gaba. Ka buɗe idon nan da kyau ka koyi sabuwar tafiyar, don ba zan koma ɗingishi saboda kai ba."

Dogo ya saɓa jaka ya bi ta a baya, har yanzu bai iya ɗaga kai ya dubi 'yan tasha ba. Ƙafafunta kawai yake kallo, yana koyon kakarsa.