Na'urar Muttaka Mai Jin Ƙishin Ƙasa

"Ni fa ƙasa magana take yi da ni," in ji Muttaka. "In ta ji ƙishi, ni take fara gaya mawa."

A majalisarmu ta Ƙofar Kaura ya faɗi haka, yana kaɗa makulli a yatsa. In ba ka san Muttaka ba, ɗan'uwa, to mai gyaran waya ne wanda in ka kai masa wayar da ba ta caji, za ka karɓo ta tana caji amma ba ta kira. Shi ya naɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa Farfesa Sai-an-gwada muke ce masa.

Kawunsa, Alhaji Tanko, yana da gida a GRA, da filin ciyawa kore shar wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Ana cikin zafin bazara Muttaka ya dira gidan da kwali a hammata. Ya zaro wata aba mai ƙafa biyu kamar cokali mai yatsu.

"Kawu, zamanin jan tiyo ya wuce. Wannan a ƙasa ake soke ta. Ta ji bushewa, ta aika wa famfo saƙo, ruwa ya yi ta feshi. Ta ji laima, ta ce a tsaya. Ba waya, ba wahala."

"Ka taɓa haɗa irinta?"

"Haba Kawu. Ni da na kusa ƙera ta, aka riga ni."

Alhaji ya gargaɗe shi cewa baƙi na nan tafe daga Kano neman auren Iklima, ɗiyar ƙanensa, kuma shi ne waliyyi. A kan ciyawar nan yake son a zauna. Muttaka ya bugi ƙirji ya ce Kanawa za su koma gida suna ba da labari. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Gogan naka ya binne bututu, ya dasa kawunan feshi ko'ina, ya cire tsohon famfon hannu ya jefar wai ƙauyanci ne. Sannan ya nemi wuri mai laushi ya soke na'urar. Wurin da ya fi laushi a gidan kuwa shi ne gindin dakalin da ake alwala. Sau biyar a rana na'ura tana shan ruwan buta, tana aika wa famfo cewa duniya lafiya lau. Ciyawa ta yi ta jira har ta koma kalar soyayyar taliya.

"Muttaka, mi ya samu ciyawata?"

"Hutawa take, Kawu. Ciyawar zamani sai ta yi ja kafin ta yi kore."

Da Alhaji ya zare masa ido, sai ya tumɓuke na'urar ya kai ta can ƙarƙashin rumfar mota, ya soke cikin tulin yashin gini, inda ko ruwan sama bai san hanya ba. Na'ura ta ji ƙishi irin na Sahara. Famfo ya buɗe baki, bai sake rufewa ba. Fili ya zama fadama, kwaɗi suka yi ƙaura daga unguwanni uku suka tare, tankin gida ya ƙafe ƙaf. Hajiya Zuwaira, matar Alhaji, tana tsakiyar wanka ruwa ya ɗauke. Ta fito da kumfa a kunne tana tambayar ina ɗan ƙanwar mijinta yake, tana da saƙo gare shi. Injiniya ya bi ta ƙofar baya.

Amma ka san sa'ar wawa. Ambaliyar nan ta farfaɗo da ciyawa. Muttaka ya dawo ya soke na'urar a tsakiyar fili, inda ya kamata tun farko, komai ya daidaita. Da ya tsaya nan, da yanzu ana ce masa Injiniya da gaske.

Ranar baƙi, bayan la'asar, aka shimfiɗa kafet a kan ciyawa. Dattawan Kano suka zauna cikin shaddodi masu sitati, kowa na ƙamshi. Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa, aka tambayi hanya da iyali da zafi. Babban cikinsu, Alhaji Amiru, ya shafa ciyawar ya ce, "Ma sha Allah. A wannan bazarar? Wa ke kula da ita?"

Muttaka, da aka ce ya tsaya wajen raba lemo kawai, ya ajiye tire.

"Ranka ya daɗe, kimiyya ce. Bari in nuna maku."

"Muttaka," in ji Alhaji Tanko a hankali.

Ina, ya riga ya tumɓuko ta. Ya ɗaga ta sama yana juyawa don kowa ya gani. "Wannan 'yar abar da kuke gani, ta fi mutum hankali. Da zarar ta ji bushewa..."

Ta kuwa ji. Busasshiyar iskar Katsina ce ta bazara.

Wani abu ya yi tsaki a ƙarƙashin kafet. Sai kafet ya kumbura. Sai ruwa ya ɓalle ta gabas da yamma da tsakanin ƙafafun Alhaji Amiru. Hula ta yi sama. Goro da alewa suka kama iyo. Wani dattijo da ya shigo da sanda yana ɗingishi, shi ya riga kowa isa baranda. Alhaji Tanko na ihu a rufe famfo, aka tuna masa an jefar da na hannun saboda ƙauyanci.

Muttaka ya durƙusa zai toshe kan feshi da hannu biyu, ya rasa inda zai ajiye na'urar, sai ya cusa ta a baki.

Ruwa ya tsaya cak.

Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gemu. Injiniya ya miƙe, ya zare ta daga baki, ya gyara murya. "To kun gani ko? Wannan shi ake kira..."

Ruwa ya dawo, ya sami Alhaji Amiru yana tsaka da matse babbar riga.

"Mayar da ita," in ji Alhaji Tanko.

Ya mayar. Ruwa ya tsaya. Alhaji Amiru ya dubi Muttaka, ya dubi rigarsa, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a cikin ruwan. Sauran suka kama. A baranda aka ƙarasa magana, kowa a jiƙe, aka ba da Iklima, aka shafa fatiha.

Duk wannan Muttaka na tsaye tsakiyar fili da na'ura a baki kamar zakara ya tsinci ƙusa. Ya yi ta gurnani yana nuna ƙasa da yatsa, wai ai yanzu ta jiƙe, a bar shi ya soke ta a can.

Alhaji Tanko ya leƙo daga baranda.

"Na gane, ƙasa ma za ta yi. Amma bar ta nan inda take. Tun da aka haife ka, yau na fara ganin amfanin bakinka."