Ranar da Na Sa wa Tuwon Umma Farashi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a tsakar gidanmu na Dala, riƙe da jakar baƙuwa, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bayan rasuwar Baba ne na gyara ɗakuna biyu na saman soro, na shimfiɗa tayil, na sa sola, na ɗora hotunansu a manhajar da matafiya ke kama masauki ta waya. Masu zuwa asibiti, masu zuwa sarin kaya, 'yan biki, duk suna sauka. Ni kuwa na fara tafiya ina buɗa hannu kamar mai otal.

Umma ba ruwanta da manhaja. Abin da ta sani kawai, an yi baƙo a gidanta. Da magariba ta yi sai ta cika kula da tuwo da miyar kuka, ko dambu, ta aika sama. Haka ta tarar ana yi a gidan tun tana amarya, lokacin da fatake ke sauka wurin kakanmu. Kuma tun da Baba ya rasu, ban ga abin da ke tashinta da kuzari irin girkin nan ba. Tana tuƙi tana tambaya, “Baƙon na yau ɗan ina ne? Yana cin yaji?”

Ana haka masu manhajar suka aiko da saƙo cewa sun ƙara kamashon da suke cira. Raina ya ɓaci matuƙa. Mai hankali sai ya ɗan ƙara kuɗin ɗaki, a wuce wurin. Amma ni, gwanin dabara (wadda ba a tambaye ni ba), na ce in na ƙara, baƙi za su gudu wajen masu araha. Sai na bar kuɗin ɗaki yadda yake, na ƙirƙiro sabon caji na sa masa suna “abincin gargajiya”. Wato tuwon da Umma ke bayarwa don Allah, shi na mayar abin cike giɓi. Ban gaya mata ba. Na ce ai ba ta duba waya, wa zai faɗa mata?

Abin ya tafi sumul na ɗan lokaci, har ina yaba wa kaina.

Sai ga wata dattijuwa daga Damagaram, ɗanta ya kawo ta ganin likitan ido. Jininsu ya haɗu da Umma nan take. Kullum tana saukowa su zauna a tabarma, ana tsinkar zogale ana hirar mutanen da. Umma har fura ta dama mata da hannunta.

Ranar tafiyarsu ta shigo sallama. Kamar an shirya, maƙwabta mata biyu na zaune, sun zo a tafi barka. Ni kuma ga ni da jaka, ina ta washe baki, ɗan adaidaita sahu na jira a bakin lungu.

Baiwar Allah ta kama hannun Umma ta ce, “Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi girkinki ya fi kuɗin da kuke karɓa. Na shekaranjiya kuwa da ba mu ci ba, muna asibiti, kada ki wahalar da kanki wajen mayar mana. Mun yafe.”

Umma ta ce, “Mayar da me?”

“Kuɗin abincin mana. Ai ɗana ya ce tare da na ɗaki ya biya.”

Innalillahi! Ɗaya maƙwabciyar ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Umma ta juyo ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, don haka “Kai” kawai ta ce.

Da na yi shiru da ya fi. Ina! Sai bakina ya kama aiki: “Umma, ai kamasho suka ƙara, kin ga dole a daidaita farashi, yanzu haka ake yi ko'ina…”

Umma ta ce, “Su masu wayar ne suka tuƙa tuwon?”

Ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa sabo, wanda na san ajiyar sallarta ce, ta ɗora wa baƙuwar a hannu. Ta ce, “Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Gidan nan ba a taɓa sayar wa baƙo abinci ba. Ban san an fara ba.” Wannan maganar ita ta fi komai ci mini rai.

Haka na raka su bakin lungu, jaka a hannu, gumi har cikin takalmi. Ɗan matar yana ta ba ni haƙuri, abin da ya ƙara kashe ni ke nan.

A ranar na goge cajin. Na ƙara kuɗin ɗaki kamar yadda ya kamata tun farko, kuma ka san abin haushi? Ko mutum ɗaya bai yi ƙorafi ba. Baƙi suka ci gaba da zuwa abinsu.

Amma Umma ba ta sake aika abinci sama ba. Na roƙa, na sa kawuna ya roƙa. Ta ce ta yafe mini, sai dai hannunta ya mutu, don ba ta san wanne za a ce sadaka ba, wanne za a ce ciniki. Yanzu magariba na yi tana kan darduma da carbi, ba ta tambayar ko an yi baƙo.

Darasin da na koya, da tsada na saye shi: in aka ƙara maka kamasho, ka ƙara a kan gado da fanka, abin da kai ka saya. Abin da ba naka ba, kada ka sa masa farashi.

Jiya da na shiga gaishe ta, ta turo mini kwano gabana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce, “Ci. Kai naka kyauta ne.”